Jiƙon Kokwambar Ozella

Duk tsibirin Saint Helena an san mazan gidan Chisolm ba sa tsufa. Uban Lucius a bakin rafi ya faɗi da igiyar jirgi a hannu, ɓarin jikinsa ya shanye, bai ƙara cewa uffan ba har aka binne shi. Yayan Lucius, Prince, a coci abin ya same shi, ana tsakar waƙa. Ƙaninsa Willis kuwa ko furfura bai fara ba. Hawan jini ne, sun gaje shi kamar yadda wasu ke gadon gona. Lucius kaɗai ya tsallake, ga shi nan ya haura saba'in yana tsokanar mutane. In ka tambayi matarsa Ozella yaya aka yi, ba za ta ɓata bakinta ba, da haɓa za ta nuna maka tulun da ke bayan ƙofar kicin.

Tulun na mahaifiyarta ne. Duk lokacin zafi takan cika shi da ƙananan kokwamba na lambunta, ta zuba ruwan khal mai tsami da tafarnuwa da jan barkono, ta bi da gishiri cikin tafi ba awo. Kokwambar ta baƙi ce da 'ya'yan maƙwabta. Ruwan shi ne magani. Mu nan tun kaka da kakanni an san jini hawa yake yi in mutum ya cika cin maiƙo da zaƙi, ya je ya taru a ka, kuma abu mai tsami ne ke tsinka shi ya sauko. Wannan ba abin gardama ba ne, ko yaro ka tara a hanya zai gaya maka.

Kullum da safe, kafin ya sa komai a baki, Lucius zai tsaya bakin ƙofar kicin da ɗan kofinsa.

“Miƙo, tsoho.”

“Yau ma? Zella, ke ba kya hutun Lahadi ne?”

“Jinin naka yana hutun Lahadi? Sha ka ba ni wuri.”

Sai ya kafa kai ya shanye, ya yamutsa fuska, ya ce, “Kai! Wannan ko gawa aka ɗura wa sai ta yi atishawa.” Ita kuma ta karɓi kofin ta ɗauraye, tana murmushin da ba ta so ya gani.

Ozella ba ta taɓa haihuwa ba. Ciki ya zo ya zube, ya sake zuwa ya zube, daga nan shiru. Lucius bai taɓa yi mata gori ba ko da wasa, amma yana da yaya mace, Hattie, mai bakin da ba ya rufuwa. Ranar jana'izar Prince, mutane cike da gida ana rabon abinci, Hattie ta dube shi ta ce, “To Lucius, saura kai. In ka bi su, wa zai riƙe sunan gidan?” A kunnen Ozella ta faɗa, kuma da gangan. Ozella ta ci gaba da zuba wa mutane shinkafa. Sai da suka koma gida ta tsaya gabansa ko takalmi ba ta cire ba, ta ce, “Ban ba ka ɗa ba, Lucius. Amma in Allah ya yarda ba za ka bi su ba. Ni zan riƙe ka.” Washegari ta wanko tulun uwarta.

Haka aka yi ta tafiya shekara da shekaru, har ido ya zo ya dagula al'amari.

Tun da Lucius ya sayar da jirginsa na kamun jatan lande, saƙar koma ta zama sana'arsa, ta zama hirarsa. Har yanzu Kyaftin ake ce masa. Yakan zauna ƙarƙashin babban itacen ƙofar gida, ya maƙala zare a ƙusa, yana ƙulli yana zagin 'yan zamani masu sayen komar roba a kanti. Da yanar ido ta fara cin na hagu, ya ce hayaƙi ne. Da ta rufe shi ruf, ya ce ai ido ɗaya ya ishi mai hankali. Da ta tsallaka na dama sai bakinsa ya mutu. Ya riƙa saƙa da lalube, ƙulli ya kuɓuce masa ya bar kafar da kifi zai bi ya wuce yana ɗaga masa hannu. Wata safiya Ozella ta fito ta tarar ya cire hula yana gaida rigar da ta shanya a igiya, yana ce mata, “Dattijo Grant, an tashi lafiya?” Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Da ta koma kicin sai ta ji tsoro ya kama ta, ta zauna a kujera ta kasa tashi.

Ita ta tuƙa a-kori-kurarsu suka tsallaka gada zuwa asibiti a Beaufort, tana tafiya a hankali, motoci jere a bayanta suna hon. Likitan ido ya ce aikin ba wuya, za a cire yanar kafin shayi ya huce. Amma da aka ɗaura wa Lucius abin awon jini a dantse, wata ma'aikaciyar jinya ta duba, ta sake awo, ta fita ta kira likita. Likita ya ce shi ba zai taɓa idon mutumin da jininsa ke irin wannan bugu ba. Su je su sauko da shi, su dawo ƙarshen wata mai zuwa. Ya kuma gaya musu gaskiya: yanar ta riga ta ƙeƙashe, kullum ƙara tauri take yi, in aka yi ta ɗagawa za a kai inda ba zai iya ba da tabbacin idon zai tsira ba.

A hanyar dawowa Lucius ya ce, “Ciwon ido sai haƙuri.”

“Haƙuri ne zai saƙa maka koma? Bar ni da jinin nan, ni na san kansa.”

Ta kuwa ɗaura ɗamara. Ta hana shi sukari, ta hana shi kitsen alade. Ta ciro gansakukar nan mai reto a rassan itace ta cusa masa a takalmi, yadda tsofaffi ke yi wa mai hawan jini. Tafarnuwa ɗanya sai da ya riƙa wari har limamin coci ya fara gaishe shi daga nesa. Kofin safe kuma ya zama na safe da na rana da na yamma, kuma ba ɗan ƙaramin nan ba, ta sauya masa da babba. Lucius ya riƙa sha, sai dai barkwancin gawa da atishawa ya daina. Ƙafafunsa suka kumbura, ƙishirwa ta hana shi sakat, kansa ya riƙa sarawa. Ozella ta ce jinin ne ke faɗa da magani, a bar su su daku.

Ranar wata Asabar Latrice ta zo. 'Yar marigayi Willis ce, ma'aikaciyar jinya, kuma a hannun Ozella ta yi rabin ƙuruciyarta. Ta zo da abin awonta a jaka don ta ga ko jinin baffanta ya fara sauka. A baranda ta ɗaura masa, ta matsa, ta zuba wa lambar ido. Ozella na tsaye a kansu da ludayi a hannu tana jiran a yaba mata.

“Baffa, kana shan ƙwayoyin da aka ba ka kuwa?”

“Tambayi soja,” ya ce, yana nuna inda yake jin numfashin Ozella.

“Yana sha, da hannuna nake ba shi, ko da yake ban ga abin da suke tsinanawa ba. Ya sauka ko?”

“Ya hau, Inna. Ya fi na ranar asibiti. Me ya ƙaru a gidan nan?”

“Magani ya ƙaru.”

Ta shiga ta ɗebo a kofi, ta kawo da hannu biyu. Latrice ta tsoma yatsa ta ɗanɗana. Ba ta kalli Ozella ba, baffanta ta kalla, shi kuma ya juyar da kai wajen rafi kamar yana ganin wani abu a can.

“Inna, wannan ai gishiri ne zalla.”

“Gishirin na kokwamba ne. Ita take shanye shi, shi ya sa take garas-garas. Ruwan tsami ne kawai ke saura.”

“Ba ta shanyewa duka, Inna, mafi yawansa yana nan cikin ruwan. Shi kuwa gishiri ruwa yake tarawa a jiki, jijiyoyi su cika su yi tam. Dubi ƙafarsa. Ƙwayoyin suna ja ƙasa, wannan yana ja sama.”

Ozella ta ji kamar an kwaɗa mata mari. Kuma wanda aka mara ba ya zaɓar magana.

“Ke Latrice, ni na yi miki kitso ranar da za ki fara makaranta, majina na zuba a hancinki. Yau ke ce za ki zo har gidana ki ce ina kashe mijina? Ubanki ya sha ruwan nan? Bai sha ba, ya ce camfi ne. To yana ina yanzu?”

Maganar na fita Ozella ta so ta kamo ta, amma ina, ta riga ta tafi. Idon Latrice ya cika da ƙwalla. Ta naɗe abin awonta a hankali, sannan ta ce, “Baffa, ka gaya mata mana. Tun bara waccan na faɗa maka a asibiti, ka ce min ka daina sha.”

Lucius ya lalubo hannunta ya riƙe. “Ɗauki jakarki ki je, 'yata. Allah ya yi miki albarka.”

Ozella mace ce da ba ta yarda da abin da ba ta gani da idonta ba. Ƙarar motar Latrice na ɓacewa ta shiga kicin, ta juye kofin nan a ƙaramar tukunya ta ɗora a wuta. Ta tsaya a kai, tururin khal yana shiga mata hanci yana sa ta tari, ba ta matsa ba har ruwan ya ƙone ƙaf. Ta sauke ta leƙa. Gindin tukunya ya yi fari fat, ya yi ɓawo. Ta kankaro da cokali, ya kusa cika shi. Ta ɗora a harshe duk da ta riga ta sani. Na kofi ɗaya ke nan, kuma sau uku take ba shi.

Ta ɗauki tukunyar ta fita. Yana ƙarƙashin itacensa, koma a cinya, ba ya saƙa komai.

“Ka sani.”

“Na sani.”

“Ka sani, ka miƙo min kofi. Kullum ka miƙo, kana min barkwanci. Lucius Chisolm, ni ka mayar mahaukaciya?”

“Zauna, Zella.”

“Ba zan zauna ba!”

“To tsaya.” Ya shafa zaren komar da yatsa. “Ranar da yarinyar nan ta gaya min, da maganar a bakina na dawo, wallahi. Na hawo baranda na tarar da ke da Hattie. Kina ce mata, ‘Ga ƙaninki nan, ya wuce shekarun ubansa, je ki tambaya wa ya riƙe shi.’ Na ga Hattie ta sunkuyar da kai, lokacin ina ɗan gani. Tun ina da baƙin gashi nake jiran ranar da za ki ɗaga kai gaban matar nan. Sai in zo ranar in ce miki ƙarya ne?”

“Sai ka zaɓi makanta.”

“Ban zaɓi komai ba. Na ce ɗan kofi ne, jikina ya saba, me zai yi? Ina na san za ki mayar da ni kifin gishiri?”

Ba ta yi dariya ba. Ta zauna a kan saiwar itacen da tukunyar a cinyarta. Haushinsa take ji, kunya take ji, kuma tana son tsohon nan har ƙirjinta na mata zafi, duk a lokaci ɗaya.

“Da na ƙara yawansa fa? Ka ga ƙafarka tana kumbura.”

“Nan kam na yi wauta. Kullum sai in ce gobe zan faɗa.”

“Garin neman gira za mu rasa ido,” ta ce a hankali. “Ashe duk shekarun nan ba abin da na yi. Abu ɗaya na ce zan yi maka a duniya, shi ma guba nake ba ka.”

“Wa ya raba ni da taba? Wa ya kwashi kwalaben giyata ya juye a rafi har kifi suka yi kwana biyu suna tangaɗi? Wa ya sa ni cin ganye kamar akuya? Prince da Willis matansu sun so su, amma ba wadda ta tsaya a kansu da ludayi. Tulun ne ya yi ƙarya, Zella. Ke ba ki yi ba.”

Ta ji maganar, ta kuma san da zuciya ɗaya ya faɗe ta, amma ba ta shige ta ba. Ta tashi ta kinkimo tulun ita kaɗai, ta hana shi taimaka mata, ta kai can bakin hanya inda ciyawa ke damunta, nesa da lambu, ta tuntsurar.

Da yamma ta kira Latrice a waya. Ba ta iya doguwar ban-haƙuri ba, cewa ta yi, “Abin da na faɗa a kan ubanki, bakina ne ya yi ruɓa. Ki yafe min, ki zo ki gaya min abin da zan dafa.” Latrice ta yi kuka, ta zo washegari bayan coci. Ta ce a ci gaba da ƙwayoyi, a janye gishiri da duk naman da aka adana da shi, a yawaita ganye da wake da kifi sabon kamu, kuma Baffa ya riƙa taka ƙasa kullum. Ozella ta ce gansakukar takalmi fa? Latrice ta ce wannan ba ruwanta da kowa, a bar masa abarsa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan wuya. Mata nawa Ozella ta koya wa jiƙon nan a tsibirin? Matar Dattijo Grant tana ba mijinta, wata tana ba uwarta. Ozella ta sa hularta ta coci ta bi su gida-gida da tukunyar nan da ba ta wanke ba, ta nuna musu gindinta. Wasu suka gode, wasu suka ce iyayensu sun sha har suka yi ɗari. Gidan Hattie ta bari a ƙarshe, don ita ma tana sha a ɓoye, kowa ya sani. Hattie ta leƙa tukunya, ta buɗe baki za ta yi halinta, sai ta dubi fuskar Ozella ta rufe. Ta ce, “Shigo ki sha ruwa.” Ozella ta ce sauri take yi.

Girki ya koma sabo a hannun tsohuwa. Jar shinkafa ba gishiri, ba ƙyafaffen nama, sai tumatir da albasa da tafarnuwa da lemon tsami. Miyar kuɓewa da jatan lande haka. Ranar farko Lucius ya kai loma ya tauna ya daɗe yana taunawa.

“Zella, wannan abinci ne ko wa'azi?”

“Ci ka tuba.”

Da safe kuma, lokacin da a da yake miƙo kofi, sai ta miƙa masa hularsa ta kama shi a gwiwar hannu su bi hanyar rafi. Da fari kunya yake ji a ga mace na jan Kyaftin. Daga baya shi ke riga ta tsayawa a ƙofa. Tana tafe tana gaya masa abin da ke gabansu: ruwa ya janye, kawa masu ɓawo sun fito a laka, ga balbela tsaye da ƙafa ɗaya, ga jikan wane can yana jefa koma kamar mai shanya bargo. Sai ya ce, “Ta roba ce ko?” Ta ce ta roba ce. Ya yi tsaki ya ji daɗi. Rabon da su yi tafiya hannu cikin hannu tun suna saurayi da budurwa, ga shi ciwo ya dawo musu da ita.

Kumburin ƙafa ya saɓe. Ciwon kai ya tafi. Duk Asabar Latrice ta zo ta auna, lambar tana saukowa kaɗan-kaɗan kamar mai tsoron tsani.

Abin da Lucius bai sani ba, Ozella ta daina cin abinci. Ba azumi take yi ba, ba kuma horon kanta ta yi niyya ba. In ta ɗebo loma sai ta tuna farin ɓawon nan, ta tuna hannunsa miƙe da kofi, ta ajiye cokalin. Ga fargabar ranar awo, kada a ce an makara kuma ita ce sila. Sai ta koyi dabara. Ta zauna gabansa a tebur da faranti, ta riƙa buga cokali tana kankarar gefe, har ta ce, “Kai, yau kuɓewar ta yi daɗi.” In ya tashi ta mayar da nata cikin tukunya. Latrice ta lura ta yi magana, Ozella ta ce zafi ne, kuma in ta kuskura ta gaya wa baffanta ta tayar masa da jini, ita da ita ne.

Ranar komawa asibiti Ozella ta sa rigarta ta coci mai ruwan bula. Da aka ɗaura masa abin awo ta rufe ido tana addu'a, ba ta buɗe ba sai da ta ji ma'aikaciyar ta ce, “To, Kyaftin, yau kam ka ci jarrabawa.” Latrice, da ta rako su, ta kama ta ta zaunar. Aka shiga da shi, aka yi idon dama, aka ce na hagu sai wannan ya warke. Ya fito da farin marfi manne a fuska yana cewa bai ji komai ba, likitan ma yaro ne mai ladabi.

Washegari suka dawo a buɗe. Likita ya ɓare marfin a hankali, ya goge masa ido, ya ce ya buɗe. Lucius ya yi ta ƙifce-ƙifce, hawaye na zuba. Ya dubi silin. Ya dubi tafin hannunsa ya juya bayansa. Ya dubi Latrice ya ce, “Iye! Ke ce kika zama uwar mata haka? Ga hancin Willis nan ɗungurungum.” Aka yi dariya. Sannan ya juya yana neman matarsa.

Tana tsaye jikin bango, ta rungume jaka, tana masa murmushi. Ya buɗe baki da tsokanarsa a shirye, ta ga ma ya shirya ta, sai bakin ya tsaya a buɗe. Rigar cocin tana reto a jikinta kamar an rataya a ƙusa. Ƙasusuwan wuyanta sun fito. Zoben aurensu ta naɗe shi da zare don kada ya zame daga yatsa. Ya daɗe yana kallo, likita na tambayarsa ko yana ganin haruffan allo, bai ma ji ba.

“Zella,” ya ce. “Ina ragowarki?”

“Kai tsoho, ana maka magana.”

“Ashe cokali kike buga min.”

Ta sunkuyar da kai. Ba ta taɓa jin muryarsa ta yi rawa haka ba, ko ranar da aka binne 'yan'uwansa.

Likita ya ce idon ya yi kyau, ya je gida ya kwanta, kada ya sunkuya, kada ya ɗauki abu mai nauyi. Latrice ce ta tuƙa su. Har suka tsallaka gada bai kalli ruwa ba, bai kalli jirage ba, shi da ya yi ta cika baki cewa su zai fara kallo. Hannun Ozella ya riƙe yana juya zoben nan da babban yatsa.

Da suka isa ta ce ya wuce ɗaki ta gyara masa gado. Ya ce ba inda za shi. Ya ja kujera ya ce ta zauna, ta ce tana da aiki, ya ce, “Ozella, zauna,” da muryar da yake ba da umarni a jirgi. Ta zauna. Ya sa Latrice ta ɗumama jar shinkafar jiya, amma shi ya karɓi ludayi ya zuba da hannunsa, ya cika faranti, ko ƙwaya ɗaya bai zubar ba. Ya ajiye a gabanta, ya sa mata cokali a hannu, ya zagaya ya zauna daidai inda zai fuskance ta.

“Ba gishiri,” ya ce. “Wa'azi ne, amma ana sabawa. Ci.”

“Lucius, ba na jin…”

“Ci, yarinya. Ina kallonki.”

Ta ɗebo. Ta kai baki, ta tauna, ta haɗiye da ƙyar. Ya jira ta ɗebo na biyu. Idon yana masa zafi yana zubar da ruwa, Latrice na roƙonsa ya sa baƙin gilashin da aka ba shi, ya ce ta bari tukuna. Sai da farantin ya yi rabi ya miƙa hannu ya jawo tukunya ya ƙara mata.